Katangar Gwaggo da Gallarta Iri Biyu

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Gwaggo kuma ta riga mu. Yayar mahaifina ce. Ta rasu wata Talata da hantsi a ɗakinta, a ƙauyenmu da ke tsakanin Daudawa da Mairuwa, tana da shekarun da ita kanta ta daina ƙirgawa. Ni labarin ya same ni a birni inda nake aiki, ban samu jana'iza ba, sai ranar addu'ar uku na iso.

Bazara ce, irin wadda ko kaji ke daina tono su buɗe baki a inuwa. Mata sun cika tsakar gida, maza suna zaure da gindin darbejiya. Galla kuwa ta fito kamar an aika mata goron gayyata. Ga wanda bai san ta ba, galla 'yar mitsitsiyar ƙudan zuma ce da ba ta kai ƙwayar dawa ba. Ba ta harbi, amma tana son gumi da ruwan ido, gidan makoki kuwa ba ya rasa ko ɗaya. Sai ka ga mace tana tsakiyar kuka ta tsaya tana kaɗe fuska da gefen mayafi.

Na zauna kusa da ƙofar ɗakinta ina karɓar gaisuwa, kunnena yana kan abin da ake faɗa. Wata dattijuwa da ta zo daga Sabuwa ta ce, "Allah ya jiƙanta, baiwar Allah mai sanyin baki." Na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata, domin duk wanda ya ce Gwaggo tana da sanyin baki bai taɓa taka mata shanya ba. Wata kuma ta murƙushe galla a goshinta, ta dubi yatsanta, ta ce, "Ta tahi ta bar mu da ƙudajenta. Mace mai hankali, wautar ƙwarin nan ce kaɗai ta rage ta." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa irin ta gidan mutuwa. Maƙwabciyar Gwaggo ce kawai ba ta yi ba. Tun safe tana zaune jingine da katanga, idanunta sun kumbura.

Da la'asar na je bakin zaure in gaida Baba, sai na ji wani yana magana da ɗan Gwaggo. Shi kaɗai ne ɗanta namiji, Alhaji ne, mai sayar da hatsi a kasuwar Kankara, kuma taubashina ne, tun muna yara ba mu haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Mutumin ya ce, "To Alhaji, yanzu dai babu mai hana ka. Tsohuwar katangar nan sai ta tahi." Alhaji ya ce, "An riga an yi maganar bulo. Da an yi addu'ar arba'in magina za su zo."

Allah ya yafe mini, wannan maganar ta fi saƙon mutuwar soke ni. Mutuwa dole ce, ba a yi mata gardama. Rushe katanga kuwa shawarar mutum ce. Shi ya sa na zauna nake wannan rubutu. Ba na so a tuna Gwaggo da sanyin bakin da ba ta da shi, kuma ban yarda a kira abin da ta sani wauta ba, ko da kuwa duk matan ƙasarmu ta Faskari za su taru su faɗa. Abin da ta sani yana cikin wannan katangar da ransa, in aka rushe ta babu inda za a je a nuna wa wani.

Katangar ta jar ƙasa ce, mijinta ya gina ta tun kafin a haifi Alhaji, ta kewaye gidan daga bayan rumbu har madafa. Daga nesa ba ka ganin komai sai tsagu da sawun ruwan sama. In ka matso ka tsuguna, za ka ga 'yan ƙananan bututu na kaki sun leƙo daga tsagun, galla tana shiga tana fita. Kowane bututu ƙofar gida ne. A bayansa, cikin ƙasar, akwai 'ya'yanta da 'yan tukwanen zumanta.

A wurin mutanen garinmu galla galla ce, magana ta ƙare. Gwaggo ta ce ƙarya ne, iri biyu ce. Ɗaya ta raɗa mata Mai-kunya, ɗaya Fitsararriya. In aka ce mata ai duk kamarsu ɗaya, sai ta taɓe baki ta ce, "Kama da wane ba ta wane. Ke da ɗiyar maƙwabta duk kuna da hanci, shi ya mai da ku mutum guda?" Ƙofar Mai-kunya siririya ce, fara-fara, ɗaya bayan ɗaya ake shiga. Ta Fitsararriya tana da faɗi, launin ƙasa ce, uku suna iya wucewa tare. In ka kai yatsa kusa, masu gadin Mai-kunya ja da baya suke yi, na Fitsararriya kuwa su taso maka a ido da gashin kai. Babban abin da take jan kunne a kai shi ne ɗibar zuma. Fitsararriya in ka buɗe gidanta ka ɗiba ka rufe, za ta yi maka tsiwa, ta gyara, ta zauna. Mai-kunya in ka yi mata garaje ba za ta ce komai ba, bayan 'yan kwanaki sai ka iske tururuwa sun gaje gidan. Tun tana yarinya tana kiwon awaki ta fara lura da haka, babu wanda ya koya mata, kuma babu wanda ya yarda da ita.

Duk shekara kafin ruwa ya sauka ana yi wa katangar yaɓe, wannan kuwa ranar yaƙi ce a gidan. Tun da safe za ta karya tsinkayen gamba, ta bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya tana soka tsinke a gefen kowace, don mai yaɓe ya gani ya kewaye. Sannan ta ja kujera ta zauna da carbinta, baki yana tasbihi, ido yana kan hannun magini. Wata shekara aka kawo sabon magini daga Kankara. Ta tashi yin azahar, kafin ta sallame ya zare tsinke uku ya shafe wurin sumul, wai ramukan suna ɓata masa aiki. Ina nan a ranar, ina makarantar sakandare, na zo hutu.

"Malam, ina tsinkayena?"

"Inna, ai wurin ya hi kyau haka. Duba ki gani."

"Na gani. Kai da ka zo jiya, ka liƙe ƙohwa ga waɗanda suka riga ka zama gidan nan. Buɗe."

Ya ce shi ba ya ɓata aikin da ya gama. Ta ɗauki ƙwaryar furar da ta dama masa, ta juye wa awaki a gabansa, sannan ta tsuguna ta tone ɗanyen yaɓen da farcenta. Gida biyu suka tsira, ɗaya ya mutu. Washegari maginin ya dawo ya ƙarasa aiki, ta dama masa wata furar har da nono mai kauri, kamar ba a yi komai ba. Shi ya ci gaba da yi mata yaɓe har ya tsufa, bai sake taɓa tsinke ba.

Maƙwabciyar nan da ba ta yi dariya ba, ba 'yar garinmu ba ce. Lokacin da daji ya ɓaci, ɓarayi suka tashi ƙauyukan wajen Sabuwa, ta iso da ƙafa da 'ya'ya huɗu da tukunya ɗaya. Gwaggo ta gan ta a gindin darbejiya, ba ta tambaye ta asali ba, ta ce, "Taso." Ta ba ta ɗakin da take ajiye kayan saƙa, daga baya ta sa aka yankar mata fili a gefen gida. Ƙaramin ɗanta mai shekara huɗu yana fama da tari. Gwaggo ta ce zuman Mai-kunya za a ba shi, ta kuwa shafe safiya guda a kan gida ɗaya. Ta jiƙa ƙasar da ruwa kaɗan-kaɗan har ta yi laushi, ta ɓanɓare wurin da bai fi tafin jariri ba, ta tsotso zuman da kara, bai cika cokali ba, ta mayar da ƙasar ta shafe. Ni ban gwada zuman nan a matsayin magani ba, ba zan rantse a kai ba. Abin da na sani, yaron ya sha, gidan gallar bai mutu ba, matar kuma ba ta sake barin gefen Gwaggo ba har ranar da ta wanke gawarta.

Da tsoron ya iso garinmu, rabin mutane suka watse. Alhaji ya kwashe iyalinsa ya kai Kankara, ya aiko da babur sau uku a ɗauko uwarsa. A na ukun ta ce wa mai babur, "Ka ce mashi wanda ya ba ni rai ya san inda nike. In na tahi, wa za ya tsaya kan yaɓe?" Baba ya je ya roƙe ta, ya ce, "Yaya, ki duba girman Allah." Ta ce ai shi take dubawa. Da Alhaji ya ga ba za ta motsa ba, shi ma ba zai iya barin ta ita kaɗai ba, sai ya dawo da matarsa da 'ya'yansa gidan, yana zuwa kasuwa yana dawowa. Ba na cewa ta yi daidai. Taurin kai ne, kuma wasu ne suka ɗauki nauyinsa. Amma haka take, ba zan gyara ta bayan ta mutu ba.

Ni ma na taɓa yin nawa faɗan da ita, kuma ni na sha ƙasa. Da na shiga jami'a na karanci ilimin halittu, aka ce kowa ya zaɓi abin da zai bincika, sai na tuna gallar Gwaggo. Na zo gida da kwalabe da ruwan sifirit na adana ƙwari. Na zuba ruwan sukari a faranti a tsakar gida, galla ta taru, na kwashe na zuba a kwalba, na koma. A ɗakin bincike akwai na'urar da ke girmama abu har ƙafar galla ta koma kamar ta fara. Na yi mako biyu ina leƙe, ban ga bambancin komai ba. Duk baƙaƙe, duk fiffike huɗu, duk ƙafa shida. Na dawo da ƙafafuna biyu har gaban Gwaggo, kai ya kumbura da boko, na ce mata na duba da na'ura, iri ɗaya ce.

Tana kaɗi, ba ta ko ɗago ba. "Ina kika kamo su?"

"A faranti, Gwaggo."

"Wato kin je kasuwa kin kwaso mutane, kin kashe su, sannan kina tambayar gawa gidan ubanta." Ta naɗe zare a mazari. "'Yar boko, gawa ba ta da hali. In kina son sanin mutum, ƙohwar gidansu za ki."

Na yi fushi, na kwana biyu ina gaishe ta a tsaye. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, da na kai wa malamin da ke duba aikina labarin, ina jiran ya taya ni dariya, sai ya ajiye biro ya ce tsohuwar ta fi ni gaskiya. Ya ce in koma in kama daga bakin kowane gida dabam, kwalba ɗaya gida ɗaya.

Haka muka yi, ni da ita, kwana uku. Ina kifa kwalba a bakin bututu, in biyar sun shiga in rufe. Ni ina rubuta lamba a littafi, ita kuma, da yake ba ta yarda da lambata ba, tana ɗaura zarenta a wuyan kwalba, fari ga Mai-kunya, baƙin da aka rina da baba ga Fitsararriya. Duk muka tafi daidai har muka zo wani gida a gefen madafa. Ƙofarsa mai faɗi ce, launin ƙasa, ko yaro ya ji bayanin Gwaggo zai ce Fitsararriya ce. Sai na ga ta ɗauko farin zare.

"Gwaggo, kin yi kuskure. Dubi ƙofar."

"Na ga ƙohwar. Masu ita sun mutu damina biyu da suka wuce, wannan ta zo ta tare a kangonsu, ba ta sake gini ba. Kai yatsa ki gani."

Na kai yatsa, masu gadin suka ja da baya. Duk da haka ban yarda ba. Na bar mata zarenta, amma a littafina na rubuta Fitsararriya, na ƙara da cewa tsohuwa ta rikice. Rubutun yana nan har yau da hannuna, ban goge ba, don in riƙa ganin iyakata.

Wannan karon na yi aikin yadda ake yi. Na auna faɗin kai, na auna ƙafar baya inda take ɗaukar garin fure, na shimfiɗa fiffike a kan gilashi na auna tsakanin jijiyoyinsa. Awon ya nuna lallai akwai ƙanana da waɗanda suka ɗan fi su, amma wasu sun tsaya a tsakiya, ba za ka ce nan suke ko can ba. Daga nan aka koma gwajin ƙwayoyin halitta. Kowace halitta tana ɗauke da wani rubutu a jikinta wanda ta gada daga iyaye. Ana niƙa 'yar ƙafa, a tace, a karanta layi guda na rubutun, a jera shi da na wata a ga inda suka saɓa. Da na yi wa Gwaggo wannan bayani ta ce, "Oho, injin tonon asali ke nan." Ban taɓa jin wanda ya faɗe shi a taƙaice kamar haka ba.

Sakamakon ya ɗauki watanni. Da ya fito, kwalaben suka rabu gida biyu, babu ko ɗaya a tsakiya. Na ɗauko su ina dubawa, duk masu farin zare gefe ɗaya, duk masu baƙi ɗaya gefen. Na nemo kwalbar gidan gefen madafa. Tana cikin farare. Malamina ya ce jinsi biyu ne makusanta ƙwarai, dukansu suna da suna a littattafai, sunaye masu tsawo da ba zan wahalar da ku da su ba, amma masu littattafan kansu suna yawan rikita su. Ya tambaye ni digirin wadda ta ɗaura zaren. Na ce masa ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko.

Na hau mota zuwa Funtuwa, na hau babur har ƙofar gida, na faɗa tsakar gida ko mayafi ban gyara ba. Na ce, "Gwaggo, injin ya ce ke ce da gaskiya. Har ta gefen madafa."

Tana tsince wake a faifai. Ta ce, "To, ya yi ƙoƙari. Ki gaishe shi."

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

"Mi kike so in ce? Ni na aike shi?" Ta hura faifan. Can kuma ta ce, "Ya ce dangi ne ko?" Na ce makusanta ne ƙwarai, amma ba sa aure da juna. Ta yi dariya har wake ya zube, ta ce, "Kamar ke da wancan mai tumbin." Tana nufin Alhaji, wanda ke shigowa a daidai lokacin. Ya ce shi dai ya ga ikon Allah, an kai ƙuda jami'a an bar mutane a gida. Na ce masa ai gara ƙudan, shi an gane asalinsa. Muka yi ta yi, ita kuma tana ta tsintar wakenta a ƙasa.

Bayan haka aiki ya riƙe ni. Ina jin labari a waya cewa idonta ya fara tafiya, sannan aka ce ya tafi gaba ɗaya. Kullum ina cewa zan zo in an yi hutu. A shekara biyu na ƙarshe sau biyu na je, kowanne kwana ɗaya. Wannan laifina ne, ba na neman wanda zai raba shi da ni.

Na dawo ranar addu'ar arba'in da littafina a jaka da maganata a baki. Washegari da safe magina suka iso, suka buga turaku suka ja igiya daidai kan layin tsohuwar katanga, ga diga biyu a jingine. Alhaji yana tsaye da babbar riga yana nuna musu. Da ba taubashina ba ne, ba zan iya tsayawa gaban maza in yi masa magana haka ba, amma wasan da ke tsakaninmu ya ba ni bakin da ƙanwarsa ma ba ta da shi. Na je na tsaya tsakanin igiyar da katangar.

"Alhaji, ko kwana arba'in da ɗaya ba ta cika ba."

"Matsa, 'yar boko. Yau ba ranar wasa ba ce."

"Ni ma ba shi ya kawo ni ba."

Ya ja ni gefe don kada magina su ji. Ya ce, "Kin san yadda aka shiga gidan da ke bayan masallaci? Ta katanga irin wannan, da diga, kahin a sha ruwa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shahwa wa naka ruwa. Ke kina birni bayan ƙyauren ƙarhe. Ɗiyana shida ke kwana nan. Su zan duba ko kakin galla?"

Na ce ban ce kada ya gina ba. Ya gina tasa ta bulo a waje, ya bar ta Gwaggo a ciki. Ya ce wajen nan filin da yake loda buhuna ne, in ya ci shi mota ba za ta ƙara juyawa a ƙofar gidansa ba, sai dai a riƙa ɗaukar hatsi a ka har bakin hanya. Na ce to a ɗauka. Na buɗe littafin na ɗaga masa a fuska. Na ce, "Gida goma sha tara ne a katangar nan, kowanne na san irinsa, duk ga su a rubuce. Kai da ba ka san komai a kansu ba, ba ka da ikon kashe su."

Ya daɗe yana kallon littafin. Sannan ya ce, "Ashirin da ɗaya ne."

Ya juya ya nufi bayan rumbu, na bi shi. Mutum mai jiki irin nasa, ya tattare babbar riga ya durƙusa a ƙasa, ya nuna mini wasu ƙofofi biyu can ƙasa-ƙasa, inda ban taɓa dubawa ba.

"Wannan Mai-kunya ce, bara da kaka ta tare. Waccan kau Inna ta ce in ƙara dubawa, ba ta yarda da ganina ba." Bai ɗago ba. "Tun da idonta ya tahi, kullum kahin in hita kasuwa sai na zagaya da ita. Tana riƙe da kahwaɗata, ina duƙawa ina hwaɗa mata abin da na gani. In na yi kuskure ta ce kan jaki gare ni. Shekara biyu muna haka. Ke kina ina?"

Na rufe littafin. Na zauna a ƙasa kusa da shi.

Ya ce, "Kin ɗauka ban san abin da ke ciki ba? Na sani. Tsoron da na hwaɗa miki gaskiya ne. Amma ko babu shi, ba ni iya kallon katangar nan. Kullum na hito da sahe sai in ji kamar za ta ce, mi ka gani? In juya babu kowa."

Galla ta same mu mu biyu da abin da take so a fuska, babu wanda ya kore ta. Na ce, "To ni ka faɗa mini. Ka kira ni a waya kullum ka faɗa mini abin da ka gani. In ka yi kuskure na iya zagin, a wurinta na koya." Ya share fuska da hannun riga, ya ce Allah ya sawwaƙe masa, ya rabu da tsohuwa ya faɗa hannun ɗiyar ƙaninta. Ya dafa rumbu ya miƙe da ƙyar.

Muka fito wurin magina. Ya ce wa babbansu a cire turaku a mayar da su waje, taku huɗu. Maginin ya dubi filin lodi, ya dubi tsohuwar katanga, ya dubi Alhaji kamar yana shakkar lafiyarsa.

"Alhaji, hilinka za ka ba da saboda galla?"

Alhaji ya ce, "Wacce daga ciki?"

Maginin bai gane ba, babu kuma wanda ya yi masa bayani. Ya sunkuya ya zare turken farko.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kaifin bakinta da taurin kanta, ya haskaka makwancinta, ya saka mata da alherin da ta yi wa manya da ƙananan bayinsa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Wadda ta ce wauta ce ta rage Gwaggo, in ta sake biyowa ta garinmu ta shigo ta tsuguna ta duba da idonta. Buhunan Alhaji yanzu a ka ake kai su bakin hanya, katangar kuwa tana nan tsaye.